Gyaɗa da wake a ƙasa mai alli: har ina masu haɗa iri za su iya kai mu?

Wanda ya saba zagaya gonakin gyaɗa da wake a gefen fadamun Auyo, Kafin Hausa da Kirikasamma, ko filayen rani na Kadawa da Kura, ya san irin gonar da zan yi magana a kanta. Iri ɗaya ne, rana ɗaya aka shuka, noma ɗaya aka yi. Amma da shuka ta kai wata guda sai gonar ta rabu: nan kore shar, can kuma wani yanki ya koma rawaya. Mai gona zai ce wurin ba ya karɓar gyaɗa, ko ya ce ƙasar ta yi kanwa. Mafi yawa kuwa cewa suke yi yunwa ce, sai a ciwo bashin yuriya a zuba. Bayan sati biyu ganyen na nan yadda yake, wani lokaci ma ya ƙara fari.

Sai an tsuguna ake ganin abin da ke faruwa. Tsofaffin ganyayen da ke ƙasa suna nan da korensu. Sabbin da ke tohowa a kai ne suka ɗashe, kuma ko a cikinsu jijiyoyin ganyen sun riƙe kore, tsakaninsu ne ya yi rawaya. Idan abin ya tsananta sai sabon ganye ya fito kusan fari fat, gefensa ya ƙone. Wannan ita ce alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe. Yunwar naitirojin, wadda yuriya ke magani, daga tsofaffin ganye take farawa, domin shuka na iya kwashe naitirojin daga tsohon ganye ta kai wa sabo. Ƙarfe kuwa inda ya fara sauka nan yake zama. Kuturtar gyaɗa da darɓa ke yaɗawa daban take, ita tana tsugunar da shukar ta dunƙule ganyen. A wake ma sai an tona gindi an duba, saboda wuta-wuta tana sa ganye ya yi irin wannan rawayar tun kafin ita kanta ta ɓullo sama.

Abin da ke ɗaure kai shi ne ƙasa ba ta rasa ƙarfe ba. Jan da ke cikin jar ƙasa da marmara ai ƙarfe ne. Ko a gonar da gyaɗar ta yi fari, akwai ƙarfen da ya fi ƙarfin bukatarta nesa ba kusa ba. Sai dai saiwa ba ta shan komai sai abin da ya narke a ruwa. Masana ƙasa na da ma'auni da suke kira pH, wanda 7 ne tsakiyarsa. Ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne, sama da 7 kuwa ɓangaren toka da kanwa da alli. Duk hawa ɗaya da ma'aunin ya yi, narkewar nau'in ƙarfen da ya fi yawa a ƙasa na raguwa kusan ninki 1,000. Ƙasar da alli ya yi wa yawa tana zama ne tsakanin 7.5 da 8.4, daidai inda ƙarfe ya fi ƙin narkewa. Fosfaros da zink ma suna ɗaurewa a irin wannan ƙasa, amma ƙarfe ne ke fara nuna kansa a ganye.

Gyaɗa, wake, waken soya da gurjiya duk dabara ɗaya suke da ita ta neman ƙarfe. Idan saiwa ta ji ƙaranci, sai ta riƙa fitar da tsami a 'yar ƙasar da ke manne da ita don ƙarfen ya narke, sannan ta juya shi zuwa nau'in da za ta iya haɗiya. Dabarar na aiki a yawancin ƙasa. A ƙasa mai alli ne take cin tura, domin allin na sakin wani sinadari a ruwa da ake kira baikabonet, wanda akwai shi a cikin kanwar girki. Duk matar da ta taɓa jefa kanwa a miyar yakuwa ta san abin da ke biyo baya, tsamin mutuwa yake yi nan take. Haka saiwar ke ta zuba tsami, ƙasa na kashe shi, kuma allin da ke cikin ƙasa ba ya ƙarewa.

Ruwa na ƙara dagula lamarin. Idan ya kwanta a gona, iskar da saiwoyi da ƙananan halittun ƙasa ke fitarwa ba ta samun hanyar fita, sai ta narke a ruwan ta ƙara yawan baikabonet. Shi ya sa gona ɗaya za ta yi rawaya bayan sati guda na marka, ta farfaɗo da ƙasa ta tsane, mai ita ya ɗauka takin da ya zuba ne ya yi aiki. Sanyin ƙasa ma na rage kuzarin saiwa, abin da ya shafi mai shuka gyaɗar rani tun hunturu bai gama wucewa ba. Yuriyar da ake garzayawa a sayo kuwa tana iya zama ƙarin ciwo. A cikin ƙasa takan rikiɗe ta zama naitiret, kuma idan saiwa na shan naitiret da yawa, kewayenta ƙara nisa yake yi da tsami. Manoman waken soya a Minnesota da Dakota ta Arewa a Amurka, waɗanda wannan rawayar ta daɗe tana addaba, sun tabbatar da haka a gonakinsu: inda ragowar naitiret ta yi yawa, nan rawayar ta fi muni.

Dangin wake suna da wata bukata ta biyu da hatsi ba shi da ita. Ka tuge gyaɗa mai lafiya da ta fara fure, ka kakkaɓe ƙasar, za ka ga ƙananan ƙululu jere a jikin saiwa. Ka tsaga ɗaya da farce. Idan cikinsa ja-ja ne, to bakteriyar da ke zaune ciki na aikinta, tana ɗebo naitirojin daga iska tana ba shukar. Wannan jan daga wani sinadari yake mai ƙarfe a tsakiyarsa, ɗan'uwan wanda ke sa jinin mutum ja. Injin da bakteriyar ke kama naitirojin da shi ma da ƙarfe aka gina shi. Saboda haka gyaɗar da ta rasa ƙarfe ƙululunta ba sa girma, cikinsu fari ko kore-kore, sai yunwar naitirojin ta biyo bayan ta ƙarfe. Amfanin da ake nema wajen sa wake ko gyaɗa bayan shinkafa, wato a bar wa ƙasa ɗan abin da za ta ci, shi ma ya tafi.

Hatsi da sauran dangin ciyawa wata hanya suka bi. Saiwarsu na fitar da wani sinadari da ke kama ƙarfe ko da ƙasa ba ta da tsami, ya dawo da shi cikin saiwa. Wani masani ɗan Japan, Takagi, shi ne ya bayyana wannan a 1976, daga baya Jamusawa biyu, Römheld da Marschner, suka rarrabe dabarun biyu a 1986. Sha'ir da alkama ne gwanayen wannan aiki; masara ba ta kai su ba, dawa da shinkafa kuwa suna can baya, har dawa kanta takan yi rawaya a ƙasa mai alli. Duk da haka, binciken da aka yi a arewacin Sin ya nuna gyaɗar da aka haɗa da masara a irin wannan ƙasa ta fi wadda aka shuka ita kaɗai kore, saboda inda saiwoyinsu suka cakuɗe, gyaɗar na cin gajiyar ƙarfen da masarar ta narkar. Ban ce kakanninmu don ƙarfe suka riƙa haɗa gero da wake da gyaɗa a gona ɗaya ba, dalilansu na ruwa ne da harawa da gudun asara. Amma wanda ke gaggawar raba manomi da wannan haɗin, ya mai da shi mai gyaɗa zalla a fadama, ya kamata ya san akwai abin da yake cirewa.

Yanzu tambayar da ta fi muhimmanci: wannan matsala tamu ce? A nan ya kamata a yi gaskiya. Ana ƙiyasta ƙasa mai alli ta kai kusan kashi 30 cikin 100 na doron ƙasa, amma inda ta fi yawa shi ne Gabas ta Tsakiya, gefen tekun Bahar Rum, yammacin Indiya, Pakistan da arewacin Sin. A Najeriya, duwatsun farar ƙasa suna wurare irin su Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gwambe, inda aka kafa kamfanonin siminti saboda su. Mafi yawan gonakin tudu na Kano da Jigawa rairayi ne mai ɗan tsami, galibi tsakanin 5.5 da 6.5. Manomin Gumel ko Ɓaɓura ko Dambatta ciwonsa akasin wannan ne. Gyaɗarsa takan rasa kalsiyam, wato sinadarin da allin ke ɗauke da shi. Gyaɗa na da wata ɗabi'a: bayan fure, tsinken da ya soki ƙasa ya zama kwanso yana shan kalsiyam ɗinsa ne kai tsaye daga ƙasar da ke kewaye da shi, saiwa ba ta aiko masa. Idan babu, sai a tuge a tarar da holoƙo, ɓawo ba ƙwaya. Shi ya sa takin supa ke yi wa gyaɗa daɗi a tudu, domin bayan fosfaros yana ɗauke da kalsiyam da farar wuta. Toka da takin bola ma alheri ne a irin wannan rairayin, haka ƙurar hunturu da ke saukowa daga tsohon gurbin tafkin Chadi tana ɗan mayar wa ƙasa abin da ruwa ya wanke. Duk wanda ya karanta labarin Indiya ya zo yana tsorata manomin tudu da alli ya ɓatar da shi.

Inda abin yake a wajenmu tsilli-tsilli ne. Akwai gurbin tsohon suri da aka baje, domin gara na tono ƙasar can ciki mai kalsiyam ta tara. Akwai kufai da tsohon juji inda toka ta shekara da shekaru tana taruwa. Akwai baƙar laka ta kwarin Haɗeja, wadda a wasu wurare idan aka haƙa ana samun fararen tsakuwoyi masu garɗi a cikinta. Ka daka ɗaya ka ɗiga ruwan lemun tsami, idan ya yi kumfa alli ne. Sai babban, wato filayen ban ruwa. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 aka riƙa ba Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam ruwa, sannan Challawa ta biyo baya a 1992, ruwa ya daina zama abin da ke zuwa wata huɗu ya tafi. Ruwan Tiga kansa ba mai gishiri ba ne. Magudanan da ya kamata su fitar da rarar ruwa ne suka cushe, a ƙasan kogi kuma kachala ta toshe hanyoyi. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hau, rana na zuƙe shi ta sama, abin da ya narke a ciki na zama a fuskar gona.

A da wannan bai dami mai gyaɗa ba, don gyaɗa da wake amfanin tudu ne na damina. Yanzu kuwa da aka samu iri masu saurin nuna irin su SAMNUT 24, wanda cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru ta fitar a 2011, ana ta ƙarfafa wa mutane gwiwar noman gyaɗar rani, ga kuma waken rani da waken soya da ke shiga filayen shinkafa da alkama. Amfanin da aka zaɓa aka tace a kan rairayi ana sauko da shi kan laka mai ruwa. Wannan ne dalilin da ya sa nake ganin maganar ta cancanci kulawa tun yanzu.

Wajibi ne kuma a raba alli da kanwa, duk da cewa a bakin manomi sau da yawa abu ɗaya ne. Ƙasa mai alli tana iya zama da kyawun jiki, ruwa na ratsa ta, abin da ta ɗaure kawai ne damuwa. Ƙasa mai kanwa kuwa sodiyam ne ya yi mata yawa, ma'auninta na wuce 8.5, tana yin santsi da damina, da rani ta ƙame ta yi ɓawo, ruwa ba ya shiga. Irin da ya iya neman ƙarfe ba zai tsira a nan ba don wannan baiwar kaɗai. Wannan aikin magudana ne da jibsam (wani farin gari mai kalsiyam) da wanke ƙasa, wato aikin hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Babu mai haɗa irin da zai ɗauke musu shi.

A kan ƙasa mai alli ta gaskiya kuwa, iri ne magani mafi araha. Ba a iya kashe allin gona da zuba tsami, yawansa ya wuce lissafi. A Indiya ana fesa wa gyaɗa ruwan gishirin ƙarfe, kamar giram 5 a lita guda da ɗan tsami a ciki. Ganyen da feshin ya taɓa na yin kore, wanda ya toho bayansa ya sake fitowa rawaya, sai an maimaita sau biyu ko uku. A Amurka akwai wani jan gari mai suna EDDHA da ake sa wa tare da iri, yana aiki sosai, amma kuɗinsa ba na mai kadada ɗaya ba ne. Iri kuwa sau ɗaya ake saye, kuma tun da gyaɗa da wake da waken soya kansu suke yi wa barbara, abin da manomi ya ajiye bana shi zai tsiro baɗi da halinsa.

Bambanci tsakanin iri da iri tabbas akwai shi. A jere iri ashirin a gona mai alli, wasu za su yi fari, wasu su tsaya da korensu, saboda saiwarsu ta fi saurin gane ƙaranci, ta fi zuba tsami. A Indiya, masu bincike sun haɗa wani layin gyaɗa mai juriya, wato irin da ke hannun masu bincike, ICGV 86031 na cibiyar binciken noma ta ICRISAT, da wani iri mai farin jini amma mai rauni a wannan fanni, TAG 24, suka bi zuriyarsu don gano wuraren da juriyar take a ƙwayoyin gado. A waken soya an gano wani babban wuri a zaren gado na 3, tare da ƙanana da dama a warwatse. Ko tirmis, wani dangin wake da ake ci a Masar da Sudan, wanda danginsa suka yi ƙaurin suna wajen ƙin alli, an tarar irin da manoman Masar suka gada ya fi na Turai jurewa, abin da ke nuna inda ya kamata a fara nema: hannun mutanen da suka daɗe suna noma irin wannan ƙasa.

Aikin kansa na haƙuri ne. Furen gyaɗa kan yi wa kansa barbara da asuba, don haka mai haɗa iri da yamma yake zuwa. Zai nemo tohon da zai buɗe gobe, ya buɗa shi da 'yar matsefata, ya cire sassan da ke ɗauke da garin fure ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya ji wa uwar rauni ba, ya ɗaura zare mai launi don shaida. Da sassafe ya dawo da garin furen ɗaya irin ya shafa. Da yawa ba sa kamawa. Waɗanda suka kama, sai an shuka zuriyarsu sau biyar ko shida kafin halinsu ya tsaya wuri ɗaya, sannan a gwada a jihohi daban-daban, a gwada a gonakin manoma, a kai gaban kwamitin ƙasa da ke rajistar sabbin iri a Ibadan. Shekara goma ba abin mamaki ba ne, ko da yake noman rani na rage tsawon, tun da ana iya shuka sau biyu a shekara.

Wahalar da ta keɓanta da wannan hali ita ce aunawa. Ido ake amfani da shi, a ba kowane layi maki daga 1 zuwa 5, ko a sa wata 'yar na'ura da ke matse ganye ta auna korensa. Amma allin gona ba shimfiɗe yake daidai ba. Layin da ya faɗa kan wuri mai sauƙi zai fito kamar gwarzo alhali sa'a ce, shekarar da ruwa bai kwanta ba kuma kowa gwarzo ne. Dole a maimaita kowane iri a wurare da yawa, a riƙa tsarma wani da aka san rauninsa a tsakani don ya tona asirin ƙasar. Alamomin ƙwayoyin gado na taimakawa, tun da an kammala karanta taswirar gadon waken soya a 2010, ta gyaɗar noma da ta wake kuma a 2019. Waken da aka karanta ɗin ma namu ne, IT97K-499-35 na cibiyar binciken noma ta IITA, wanda aka fitar a nan da sunan SAMPEA 10 saboda juriyarsa ga wuta-wuta. Sai dai halin da ƙwayoyin gado da yawa suka yi tarayya a kansa ba ya kamuwa da alama ɗaya, kuma alamar da ta yi aiki a ƙasar Gujarat ta Indiya sai an sake gwada ta a lakar Haɗeja.

Sannan kore ba shi ne buhu ba. Iri na iya tsayawa shar a kan alli ya ba da ƙwaya kaɗan. Mai kuli-kuli mai take nema, mai tumaki harawa, ɗan kasuwar Dawanau kuma farin wake manya mai saurin dahuwa. Kanannado da 'yar Dakar ba don sun fi kowa yawan amfani mutane suka riƙe su ba. Uwa uba, duk gyaɗar da ba ta jure kuturta ba ta da wurin zama a Arewa tun bayan annobar 1975, wadda ta cinye kimanin kadada 700,000 ta kuma ƙarasa abin da fari ya fara yi wa dalar gyaɗa. Kowane hali da aka ƙara a jerin abin da ake nema yana rage yawan layukan da za su tsallake, yana ƙara kuɗi da shekaru.

Saboda haka ni ban ga hikimar buɗe wani babban shiri na musamman don ƙasa mai alli a Kano ko Jigawa ba. Kuturta, wuta-wuta, tsutsar kwanson wake, yankewar ruwa da gubar funfuna da ke hana gyaɗarmu shiga kasuwar Turai duk sun fi shi gaggawa. Abin da ya dace ƙarami ne, kuma ana iya farawa da rani mai zuwa. IITA da ICRISAT duk suna da ofis a Kano, IAR na da tashar gwaji a Kadawa, Jami'ar Bayero na da cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa. A samu fili ɗaya ko biyu da aka auna aka tabbatar da allinsu, a jera dukan SAMNUT da SAMPEA da irin waken soya na TGx da ke hannun mutane, a haɗa da na gargajiya da aka karɓo daga manoman fadama, a ga wanda ke tsayawa. Watakila irin da ake nema yana cikinsu tuni, ba wanda ya tambaye shi. Daga nan duk sabon layin da za a fitar don noman rani ya ratsa ta wannan filin, a rubuta sakamakon a takardar da malaman gona na KNARDA da JARDA, hukumomin raya noma na Kano da Jigawa, ke yawo da ita, yadda za su iya ce wa mutum: Alhaji, wannan na tudu ne, kada ka kai shi laka. Bakteriyar da ake shafa wa iri ma, irin Nodumax na waken soya, tana bukatar irin wannan gwaji, domin nau'o'inta ba ɗaya suke ba wajen jure ƙasa mara tsami.

Ko an gano irin, akwai sauran tafiya. Gyaɗa ba ta haihuwa da yawa: mudu ɗaya na iri abin da yake mayarwa bai cika wuce mudu goma ba, alhali gero na ninka kansa ɗaruruwa. Irin na da nauyi, yana da tsada, kuma yana saurin mutuwa idan ya sha zafi a ɗaki, shi ya sa kamfanonin iri suka fi son masara da shinkafa. Daga 'yan mudun da ke hannun mai bincike zuwa abin da zai ishi ƙauyukan Guri da Kirikasamma, sai an yi shuka uku ko huɗu ana ninkawa, kuma yawancin wannan ninkin a gonakin manoma masu sayar wa maƙwabtansu iri za a yi shi.